Hoton da Ba Hoto Ba Ne

Sufeto ba ta gama rataye jakarta ba kofur ya leƙo ya ce akwai wani dattijo a waje, ya ƙi zama, ya ƙi ba da rahoto a kantar karɓar ƙara, ya ce shi da babba zai yi magana. Ta ce a shigo da shi.

Dogo ne, furfura ta cinye kan, bayan hannuwansa duk tabon walda. Ya ce Injiniya ake kiransa, har matarsa ma haka take ce masa. Bai jira an nuna masa kujera ba ya shimfiɗa manyan takardu biyu a kan teburinta, ya danne gefensu da tafin hannu.

"An yi mini sata, ranki ya daɗe."

"Me aka ɗauka?"

"Ba a ɗauki komai ba. Komai yana nan inda na bar shi."

Sufeto ta janyo kujera ta zauna. Irin wannan ƙarar ce take so.

A tsaye ya yi mata bayani. Ƙaramin kamfani gare shi, firij suke ƙerawa mai aiki da hasken rana, na ajiye allurar rigakafi a asibitocin da wuta ba ta zama. Shekaru suka yi suna fama da wata sabuwar ƙira wadda za ta riƙe sanyi ko da hadari ya rufe rana kwana da kwanaki. Da suka gama, lauyansa ya je yi wa ƙirar rajista, sai aka ce masa ai wani kamfani ya riga su shigar da irinta. Takardar dama tasa ce, ta hagu ta wancan kamfanin. Ya ɗora yatsa a kan wata 'yar ƙusa a kusurwar zanen farko, sannan ya kai yatsan kan na biyu. Kuskuren awo ne a wurin, wanda shi da kansa ya yi bai samu ya gyara ba, ga shi zaune daram a zanen mutanen da bai taɓa gani ba.

Idan bai nuna sata ce ba, in ji shi, doka za ta hana shi ƙera abin da ya ƙirƙira da hannunsa, ma'aikatansa kuma sai dai kowa ya kama gabansa.

Ta tambaye shi ko akwai wanda yake zargi. Ko numfashi bai ja ba.

"Mai Shafi. Yarinyar da ke kula mana da shafin intanet. A duk ginin nan kwamfutarta ce kaɗai ke iya ɗora kaya a intanet."

"Wannan dalilin zargi ne, Baba, ba hujja ba. Mu je mu gani."

Ta aika a kira mata Saje na sashen kwamfuta. Saje mutum ne mai sanƙo da ɗan tumbi, ƙuruciyarsa duk a titi ya yi ta yana ba da hannu, sai da ya aurar da 'yarsa ta fari sannan ya koma makaranta. Yakan ce ba son ilimi ya kai shi ba, gwiwoyinsa ne suka shigar da ƙara.

A mota Sufeto ta buɗe shafin kamfanin a wayarta don ta san fuskokin ma'aikatan kafin ta isa. Shafin farko, mai cike da hotunan firij, ya buɗe nan take. Na biyu, wanda ke ba da tarihin kamfanin, 'yan layuka ne kawai da tambari ɗaya, amma har suka wuce shataletale yana ta juyawa bai gama ba. Ta miƙa wa Saje, ta ce me ya sa wannan ke jan ƙafa. Ya ce wataƙila netwok ne. Ta koma na farko, ya buɗe kamar ƙiftawar ido. Ta dawo na biyu, ya sake tsayawa. Saje ya gyara zaman tabaransa, bai ƙara cewa netwok ba.

Kamfanin bene ne hawa ɗaya. A ƙasa ake yankan ƙarfe da walda, a sama ofisoshi suke jere a wani siririn lungu. Tun daga ƙofa Sufeto ta ga Injiniya ba wasa yake yi da tsaro ba. Kowane ma'aikaci a akwatin ƙarfe yake barin wayarsa wajen mai gadi. An toshe ramin filas na kowace kwamfuta da gam. Imel ɗin kamfanin ba ya yarda a maƙala masa fayil. Ko hoto za a ɗora a shafin intanet, sai Injiniya ya gani da idonsa ya amince. Rubutu ne kaɗai ke fita ba tare da an tare shi ba.

A saman matakala Manaja ya tarbe su. Ƙanin Injiniya ne, autansu, tsohon malamin kimiyya a sakandare, siriri mai fararen kaya da biro uku a aljihu. Ya ba su kujeru, ya sa aka kawo ruwan sanyi, ya tambayi Saje iyali kamar sun saba. Da Sufeto ta tambaye shi aikinsa, ya ce shi dai mai tsawatarwa ne da buga sanarwa. Kwamfuta kuwa, in ji shi yana dariya, in ta wuce buga rubutu to ta fi ƙarfinsa, shi mutumin alli ne. Ya ce Mai Shafi yarinyar kirki ce, ba ya jin za ta aikata, amma dai mutum ba a shaidarsa duka. Sufeto ta lura da yadda ya jera maganar, ya wanke ta da hannu ɗaya ya shafa mata da ɗayan.

Saje ya buɗe tasa kwamfutar a teburin taro. Ya shiga shafin nan mai jan ƙafa, ya danna maɓallin da ke nuna abin da ke bayan shafi, wato rubutun da burauza ke karantawa ta zana wa mutum abin da yake gani. Ya gangara ƙasa kaɗan, sai ga wani bango na haruffa da lambobi a cakuɗe, ba sarari ba aya. Ya yi ta gangarawa, bangon bai ƙare ba.

Sufeto ta tambayi ko mene ne. Saje ya ce Base64 ake kiransa. Hoto ko fayil, in ji shi, a cikin kwamfuta ba rubutu ba ne, tarin lambobi ne da ake kira bayit. Akwai ƙofofin da ba sa barin irin wannan kaya ya wuce, sai rubutu tsantsa. To sai a ɗauki lambobin uku-uku a mayar da su haruffa huɗu-huɗu, daga cikin haruffa sittin da huɗu da kowace na'ura ta sani. Masu gina shafi suna yin haka da ƙananan hotuna, ba laifi ba ne. Wannan ma an rubuta a goshinsa cewa hoto ne, an kuma ce wa burauza ta ɓoye shi kada kowa ya gani.

"Hoton me?"

"Ba hoto ba ne, ranki ya daɗe." Ya koma farkon bangon, ya nuna da biro. "Irin hoton da suka ce shi ne, in aka mayar da shi rubutu, da iVBOR yake farawa, ko'ina a duniya. Wannan da JVBER ya fara. Fayil ɗin PDF ne aka sa wa rigar hoto."

Ta ce kafin ya taɓa komai ya kwafe shafin yadda yake, a gaban shaida. Injiniya ya tsaya a kansa har ya gama.

Saje ya duba tarihin gyare-gyaren shafin. Da sunan Mai Shafi aka shigar da bangon, da rana tsaka, makonni kaɗan kafin wancan kamfanin ya kai zanensa. Injiniya ya ce to ai magana ta ƙare. Sufeto ta ce yanzu ta fara.

Ofishin Mai Shafi ɗan ƙarami ne a ƙarshen lungu, kusa da matakalar baya. Mace ce da ba ta wuce talatin ba, idanunta sun faɗa irin na mai ƙarancin barci. Ta riga ta ji abin da ake faɗa a kanta. Hannuwanta na kan cinya, ɗaya ya riƙe ɗaya.

"Wa ya san kalmar sirrinki?" in ji Sufeto.

"Ba kowa."

"Ranar da aka sa wannan abin kina ina?"

"Ina nan."

"Tun safe har tashi?"

"Tun safe har tashi."

"Ke kika sa shi ke nan."

"Wallahi ban sa ba. Ni ba na ma cusa hoto a cikin rubutu. Ki duba duk shafukan, kowane hoto fayil ɗinsa daban."

Saje ya duba, ya gyaɗa kai. Gaskiya ta faɗa a nan. Amma Sufeto ta ga lokacin da aka ce "har tashi" idon matar ya zame ya kalli ƙofar matakalar baya, ya dawo. Ba ta matsa mata ba. Ta ce ta zauna kada ta je ko'ina, ta sa kofur a bakin ƙofa.

Mai Zane, wanda ke zana ƙirar a kwamfuta, ƙato ne mai yawan gumi da saurin magana. Tun kafin a tambaye shi ya rantse cewa daga shi sai Injiniya ke iya buɗe zanen. Sufeto ta ce to ashe ɓarawon ɗaya ne cikin su biyu, kuma Injiniya ne ya kawo ƙara. Gumin ya ƙaru. Ya share wuya da hankici, ya ce wato, a ƙa'ida haka ne. Amma in ya sauka ƙasa duba aikin masu walda ba kullum yake rufe zanen ba, hawa da sauka da yawa, ga kalmar sirrin Injiniya ya sa ta yi tsawon igiyar rijiya. Kuma akwai wata jakar fayil a saba, wato uwar kwamfutocin kamfanin, da duk kwamfutocin ofis ke gani, inda ake ajiye sanarwa da makamantansu. Ya roƙe ta kada ta gaya wa Baba.

"Baba yana bayanka," in ji Sufeto.

Mai Zane bai waiwaya ba. Ya ƙara share wuya.

Da suka koma teburin taro Saje ya ce yanzu sai a kwance ƙullin. Ya buɗe tagar da masu gina shafi ke ba burauza umarni kai tsaye. Ya ce akwai wani ɗan umarni, atob, aikinsa ke nan, ya karɓi Base64 ya mayar da shi yadda yake. Ya buga, allon ya cika da wani irin shirme, akwatuna da alamomin da ba na kowane harshe ba. Injiniya ya ce ai ya lalace.

Saje ya ce bai lalace ba, a nan ne dai masu gaggawa ke faɗawa rami. Abin da atob ke bayarwa kama da rubutu yake yi, amma ba rubutu ba ne. Kowane harafi a ciki bayit ɗaya yake wakilta. Wanda ya kwashe shi haka ya adana a matsayin rubutu, na'ura za ta yi masa gyaran da bai roƙa ba, fayil ya ƙi buɗewa. Sai an bi haruffan ɗaya bayan ɗaya an karɓi lambar kowanne, an jera lambobin a ma'ajin bayit, sannan a ce wa burauza ga fayil. Layi uku ya rubuta. Ya danna.

Zanen firij ya buɗe a allon, shafi bayan shafi. Injiniya ya sunkuya ya nemi kusurwar nan. Ƙusar na nan da kuskurenta. Ya dafa teburin, a karon farko tun safe ya nemi kujera.

Ta ƙofar gidansa, wato shafin kamfanin, aka fitar da kayan, a gaban kowa. Duk wanda aka gaya wa inda zai duba, daga ko'ina yake, sai ya buɗe shafin ya yi abin da Saje ya yi.

Sufeto ta ce hanya ta fito, saura mai tafiya. Ta tambayi Saje ko fayil ɗin na da wani abin faɗa game da kansa. Ya ce sau da yawa akwai. Manhajar da ta haɗa fayil takan rubuta ɗan bayani a cikinsa, har da taken da aka ba shi. Ya lalubo wurin a cikin shirmen da atob ya zubo. Taken ya fito a gurgunce: Æirar Æarshe ta Éakin sanyi.

Ya yi ɗan murmushi. Ya ce wannan ma halin atob ne. Harafin boko na yau da kullum bayit ɗaya ne, shi ya sa ya fito lafiya. Amma akwai haruffan da bayit biyu ke ɗauke da su, atob kuwa ba ta san aure ba, kowane bayit gwauro take ɗaukarsa. Ya miƙa bayit ɗin ga wani umarnin da ya san yadda ake haɗa su biyu-biyu. Taken ya miƙe: Ƙirar Ƙarshe ta ɗakin sanyi.

Sufeto ta daɗe tana kallon layin. Sannan ta ce wa Mai Zane ya nuna mata sunan da ya ba ainihin zanen a tasa kwamfutar. Ya buɗe. An rubuta "kira karshe sabo 2 gyara". Ta sa ya buɗe wasu. Babu harafi mai ƙugiya ko ɗaya. Ya ce shi kibod ɗinsa ma ba shi da su, kuma wa ke da lokaci. Ta duba shafukan da Mai Shafi ta rubuta, nan ma "kasa" da "daki" ne ko'ina. Injiniya kuwa ya ce shi da manyan baƙaƙe yake rubuta komai, ƙugiya sai ta rataye riga.

Ta fita lungun ita kaɗai, hannu a baya, tana karanta abin da aka manna a bango. A ƙofar banɗaki an buga: A rufe famfo da kyau, ruwa na ɗiga. A kan matakala: Kada a ɗauki ƙarfe a hau da shi sama. Kowace ƙugiya na wurinta. A jikin allon sanarwa akwai wata takarda da wani ya buga yana neman a gyara fanka, an bi ta da jan biro an ɗora wa haruffa uku ƙugiyoyinsu. Ta tambayi wata mai shara da ke wucewa aikin wa ne wannan. Matar ta yi dariya ta ce ai Manaja ke nan, ko takardar neman hutu ka kai masa ba ƙugiya sai ya dawo maka da ita.

Sufeto ta koma ofishin Mai Shafi, ta sallami kofur, ta rufe ƙofa. Wannan karon ba ta tsaya a kanta ba, ta janyo kujera ta zauna kusa da ita.

"'Yar'uwa, na san ba ke kika sa ba. Na kuma san ba kya nan ranar. In kika ci gaba da cewa kina nan, ke za a kai kotu, ni kuma ba abin da zan iya yi miki. Ina kike zuwa ta matakalar baya?"

Matar ta dubi ƙofar da aka rufe. Sannan maganar ta zubo. Mijinta ne ya samu shanyewar ɓarin jiki. Wasu ranakun da rana ake yi masa gashi a asibiti, ba mai kai shi sai ita. Injiniya ba ya son a fita lokacin aiki, ta ga ya sallami wani a kan abin da bai kai wannan ba, ita kuma aikin nan ne ke riƙe da gidan. Manaja ne ya gan ta tana kuka wata rana, ya ce ta riƙa zuwa, shi zai rufa mata asiri. Shi ya ba ta makullin ƙofar baya. Shi ya ce ta riƙa barin kwamfutar a kunne, shafin aikinta a buɗe, mayafinta a kan kujera, don in Yaya ya leƙo ya ɗauka banɗaki ta zaga.

"Mutumin da ya yi mini wannan alherin, ta yaya zan ambaci sunansa?" ta ce. "Ai ko kwamfutar bai iya ba."

Sufeto ta dafa kafaɗarta ta miƙe.

Manaja na zaune a ofishinsa yana gyara wata sanarwa lokacin da suka shigo, ita da Saje da Injiniya. Ya miƙe ya ba yayansa kujera. Sufeto ta ce tana neman izinin duba kwamfutarsa. Ya ce bismilla, ba abin da za su samu sai sanarwar famfo.

Saje ya zauna. Bai ɗauki lokaci ba. Kibod ɗin an saita shi da haruffa masu ƙugiya, shi kaɗai a duk ofisoshin. A tarihin burauzar, wanda aka goge amma bai gogu duka ba, akwai tambayoyin da aka yi ta yi game da yadda ake mayar da fayil rubutu. A cikin abubuwan da aka share kuma ya tono wani fayil na rubutu zalla. Ya buɗe, ya juyo da allon. JVBER ne a farkonsa.

"Malam," in ji Sufeto, "Mai Zane ya sauka ƙasa ya bar zanen a buɗe. Ka tura kwafi cikin jakar da kowa ke gani, ka ɗauko a nan, ka haɗa shafukan wuri ɗaya. Manhajar ta nemi take, hannunka bai iya rubuta kuskure ba. Ka mayar da shi rubutu, ka ajiye a jakar nan, ka jira ranar asibiti, ka zauna a kujerar matar da ta amince da kai. Akwai inda na yi kuskure?"

Manaja ya kalli allon, ya kalli biron da ke hannunsa. Ya mayar masa da murfi a hankali ya sa a aljihu.

"Babu," ya ce.

Injiniya ya juyo ya dubi ƙaninsa. Da muryar da ba a san shi da ita ba ya yi magana. "Auta. Ni na goya ka. Me na hana ka?"

"Suna, Yaya."

Ya yi maganar ba tare da ɗaga murya ba, kamar mai bayani a gaban aji. Ya ce shekara nawa firij ɗin yana narkewa in rana ta ɓuya, Yaya yana zagin batir. Shi ne ya zo da shawarar a kewaye ɗakin sanyin da bangon ruwa mai daskarewa, a tara sanyi maimakon a tara wuta. A bayan takardar jarrabawar ɗalibai ya yi lissafin farko. Shi ya ajiye koyarwa, aikin da yake so, ya dawo nan ana aikensa sayen tawadar firinta. Da aka tashi shirya takardun rajista, ya ga sunan Yaya, ya ga sunan babban ɗan Yaya wanda ko walda bai taɓa riƙewa ba. Ya tambaya, aka ce masa ai duk gida ɗaya ne. Mutanen wancan kamfanin suka ce in ya kawo ƙirar, sunansa ne zai zama na farko a kan takardar. Ko kwabo bai nema ba.

Sufeto ta tambaye shi, to Mai Shafi fa? A nan ne ya sunkuyar da kai. Ya ce bai zaci za a taɓa ganowa ba, balle a kai ga zarginta. Da aka fara kiran sunanta ya so ya yi magana, sai ya ga bakinsa ya yi nauyi.

"Bai yi nauyi ba da ka ce mini mutum ba a shaidarsa duka," in ji Sufeto.



Ta ce za a tuhume shi da satar sirrin sana'a da shiga kwamfutar wani ba izini, kuma abin da Saje ya kwafe zai isa lauya ya ƙalubalanci rajistar wancan kamfanin. Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce yana da roƙo ɗaya kafin a tafi. Tun da aka shigar da takardar mutanen suka daina ɗaukar wayarsa. Yana so ya ga shafin farko na takardar rajistar tasu, sau ɗaya kawai.

Injiniya ya zaro kwafin da lauya ya ba shi daga aljihun rigarsa, ya miƙa ba tare da ya dube shi ba. Manaja ya sa tabarau. Ya bi layin masu ƙirƙira da yatsa daga sama har ƙasa. Sunaye huɗu ne. Ya sake bi. Ya juya bayan takardar, fari ne fat.

Ya ninke ta yadda take, ya ajiye a gaban yayansa, ya miƙa wa kofur hannuwansa. Sufeto ta girgiza kai, kofur ya mayar da ankwar aljihu ya riƙe shi a gwiwar hannu kawai.

A lungu Mai Shafi na tsaye a bakin ofishinta. Manaja ya rage tafiya da ya zo daidai ita. Ita ce ta buɗe tafin hannunta. Makullin ƙofar baya ne. Ba shi ta ba, ta wuce shi ta ajiye a hannun Injiniya, ta ce gobe mijinta na da asibiti da rana, kuma ta ƙofar gaba za ta fita.

Injiniya ya dubi makullin, ya dubi bayan ƙaninsa da ke sauka a matakala tsakanin 'yan sanda biyu.

"Direba zai kai ku," ya ce.

A ƙasa masu walda sun kashe injinansu, sun jeru a bakin ƙofa. Sufeto ta buɗe wa Manaja ƙofar baya ta mota da kanta, ta jira ya tattara farar rigarsa ya shiga, sannan ta rufe.